Modem da Dawar Malam Maiwada

Duk wanda ya san Malam Maiwada na Kwarin Maje ya san bai iya ganin fili a zaune ba. Ko faɗin tabarma ne, in dai ƙasa ce kuma ruwa ya sauka, sai ya tona ya jefa iri. Bayan masallaci ya shuka, bakin rijiya ya shuka, har gefen turken akuyar maƙwabcinsa sai da aka yi rigima da shi. Kuma abin da ya shuka, da hannunsa yake girbewa. Shekarar da ya faɗo daga kan rumbu ya karye, 'ya'yansa suka ce ya kwanta za su yi masa yankan dawa. Ina! A kan jaki aka kai shi gona, ya zauna a ƙasa ƙafa ɗaure da karan ɗori, yana yanke kawunan dawa yana faɗa wai ba su iya ɗaurin dami ba. Mutum ne mai taurin kai, Allah ya sani, kuma a wurinsa 'yarsa Sa'adiya ta ɗauko nata.

Sa'adiya ita ce autarsa. Sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka bai taɓa kiran sunanta ba, sai dai Uwata. Ta karanci kwamfuta, ta samu aiki a ofishin wata ƙungiyar manoma a Funtua. Lokacin da ƙungiyar ta gina siton ajiyar iri a Kwarin Maje, can gaba da Dandume, ita aka tura ta haɗa kayansa. Ba sito ba ne irin na buhunan kasuwa. Irin kaka da kakanni aka tara a ciki, kaura da farafara da wake da maiwa, na kowane gida da sunansa a jikin tulu. Ɗakin a rufe yake ruf, akwai fankoki da na'urar tsotse laima, sola ke ba su wuta. Kwamfuta guda ce ke juya su duka, irin wadda masu aikin ke kira saba. Idan sabar ta sandare da damina, laima ta shiga, to iri ya ruɓe.

Don kada sai an yi tattaki duk lokacin da sabar ta yi gardama, Sa'adiya ta sa mata modem, wani ɗan akwati mai cin layin waya, wanda bai fi kwanon sha girma ba. Eriyarsa ta kafe a bangon baya, tana kallon ƙarfen sabis da ke can nesa a kan tudu. Ta wannan akwatin take shiga sabar daga teburinta na Funtua, ta duba laima, ta tayar da abin da ya kwanta. A bakin ƙofa kuma ta sa kyamara da ƙwan lantarki ɗaya, saboda ɓarayi. A lokacin ɓarayin buhu kawai ake tunani.

Sai ɓarayin daji suka zo. Ba sai na tsaya ba ku labarin ba, kowa a ƙasar nan ya san yadda abin yake. Gida bayan gida Kwarin Maje ta watse, wasu Funtua, wasu Malumfashi, aka bar 'yan tsofaffin da ba a rasa ba. Mannir, yayan Sa'adiya da ke zaune a Malumfashi, ya je da mota tare da ita har ƙofar gida, ya durƙusa yana roƙo. Malam Maiwada ya ce shi ba inda za shi. Kabarin matarsa Kulu na nan, gonarsa na nan, a Malumfashi me zai shuka, siminti? Ko wayarsa sai da ya miƙa wa Mannir, domin a lokacin duk wanda aka gani da waya a ƙauye cewa ake shi ke kai rahoto, kuma ba a tsayawa tambaya.

Kafin motar ta tashi Sa'adiya ta ja shi bakin sito ta nuna masa kyamarar.

"Baba, ka ga wannan? Duk wanda ya tsaya nan ina ganinsa daga Funtua. Don Allah kullum da hantsi ka zo ka tsaya."

Ya ɗaga kai ya ƙare wa abin kallo. "Ni kuma ta yaya zan san kin gan ni, Uwata?"

"Zan kunna maka ƙwan nan."

"Da rana tsaka? Ɓarnar wuta," in ji shi. Amma washegari da hantsi sai ga shi tsaye, ya gyara hula kamar mai shirin ɗaukar hoton katin zaɓe, ya ɗaga hannun dama. Sa'adiya ta aika umarni ga sabar, ƙwai ya kama. Tsohon ya yi dariya har da dafa gwiwa.

Haka suka ci gaba. Ba murya, ba saƙo. Hannu daga can, haske daga nan. Wurin da yake tsayawa kullum sai ya share shi da fartanya, ko ɗan tsiro bai bari. Wani lokaci ya ɗago mata kaza ta gani, wani lokaci ya nuna mata sama alamar an yi ruwa. Da ta gan shi sai ta kira Mannir ta ce, "Yaya, Baba ya fito." Sannan ne abinci ke shiga cikinta.

Damina ta biyu ce abin ya fara lalacewa. Hoton ya riƙa yankewa, tsohon ya ɗaga hannu ya sandare a haka, sai a jima ya dawo ya riga ya juya baya. Ɗan layin da ke nuna ƙarfin sabis a shafin modem kullum ƙasa yake yi, kaɗan kaɗan, kamar ruwan randa mai tsaga. Sa'adiya ta ɗauka ƙarfen sabis ne ke mutuwa, tunda masu kai masa man janareta ma tsoron hanyar suke. Ta shiga saitin modem ta fara gyare-gyare. Ta rage girman hoton. Ta sa modem ya riƙa kashe kansa yana kunnawa duk lokacin da layi ya ɗauke. Ta juya shi kan layi na biyu da ke cikinsa, na wani kamfanin, ta ga wannan ma gara na farkon, ta mayar.

Aikin nan yana da wani haɗari da wanda bai yi shi ba ba zai gane ba. Kana gyara ƙofar da ta cikinta ka shigo. Ka taɓa abu ɗaya ba daidai ba, ƙofa ta rufe, kana waje, kuma ba mai buɗewa sai wanda ya je har wurin ya danna maɓalli da yatsa. To wa zai je Kwarin Maje? Shi ya sa Sa'adiya ba ta taɓa canza saiti ba sai ta ɗaura abin da take kira igiya. Umarni ne take bar wa sabar: idan na canza, 'yan mintoci suka wuce ban dawo na ce na amince ba, ki mayar da komai yadda yake. Abokan aikinta na yi mata dariya wai ta cika tsoro. Ita ta san abin da take tsoro.

Malam Shitu ne ya warware mata matsalar ba tare da ya san ya warware ba. Magidanci ne mai babur, shi kaɗai ya rage mai ƙarfin halin kai gishiri da magani ƙauyukan can, jefi-jefi, in hanya ta yi sanyi. Ya biyo ofis karɓar maganin hawan jinin tsohon, ta tambaye shi ko ya lura ƙarfen sabis na aiki.

"Lafiyarsa ƙalau, Injiniya, na ji ƙarar janareta da na wuce. Amma fa Baba ya yi aiki bana! Bayan siton nan naku, har jikin bango, kaura ce zalla. Wallahi ta fi rufin tsawo. Ko bangon ba ka gani."

Sa'adiya ta dafe kai. "Har wurin eriya?"

"Wannan ɗan farin farantin? Ai ya shige cikin ganye tuni."

Kai, Malam Maiwada! Filin da aka share aka bari don eriya ta samu hanya, shi a idonsa fili ne da aka bari a zaune. Kewayen siton duk ya shuke, amma gaban kyamara ya san idon 'yarsa ne, ya bar masa hanya. Bayan sito kuwa wa ya ce masa akwai wani abu? Ganyen dawa mai ɗauke da ruwa, dubu bisa dubu, ya tsaya tsakanin eriya da tudu. Kullum dawar ta ƙara tsawo, sabis ya ƙara ƙasa. Sa'adiya ta rasa dariya za ta yi ko kuka, ta yi duka biyun.

Ta ba Shitu saƙo: a roƙi Baba ya sare layi biyu ko uku na dawar kawai, daidai saitin farantin. Bayan kwanaki Shitu ya dawo yana sosa ƙeya.

"Na faɗa masa. Ya kalle ni kamar na zagi uwarsa. Ya ce, dawa ta ɗauki ciki a ce a sare ta? Ya ce in gaya wa Uwata ta yi haƙuri har kaka. Ranar da ya kwantar da dawar za ta gan shi tas, har furfurarsa za ta iya ƙirgawa."

Wannan ne zuwan Shitu na ƙarshe. Aka tare wasu masu babur a hanyar, matarsa ta ɓoye makullin nasa, kuma ba wanda ya ga laifinta.

Ruwa ya kankama. Ranar da aka kwana ana tafkawa, sabar ta sandare, fankoki suka tsaya. Sa'adiya ta wuni tana ƙwanƙwasa ƙofa, layi ya kama ya saki, ya kama ya saki, sai wajen la'asar ta samu ta kutsa ta tayar da ita. Ta duba, ta ga laimar ɗakin ta kusa kai inda iri ke ruɓewa. Irin garinsu gaba ɗaya ke cikin tulunan nan. Matan Kwarin Maje da ke zaune a ɗakunan haya a Funtua, in sun haɗu da ita a hanya ba sa tambayar gidajensu, sun san gidajen sun zube. Cewa suke, "Sa'adiya, irinmu na nan?"

Mafita ɗaya ce, kuma ta daɗe da saninta, tana kauda kai ne kawai. Modem ɗin yana kan 4G, layi mai gudu, mai ɗaukar hoto, amma ganye kaɗan ke tare shi. Akwai tsohon layi, 2G, mai tafiyar kunkuru, wanda yake ratsa ganye ya wuce. Idan ta kulle modem a kansa, ƙofar sabar ba za ta ƙara rufewa ba, rubutaccen umarni zai riƙa wucewa, ƙwan ma zai kama. Hoto ne ba zai wuce ba. Kyamarar mai araha ce, ba ta ajiye komai a sabar, kai tsaye take turo hoto, in layi ba gudu sai dai ta yi ta juyi a wuri ɗaya.

Ta kira Mannir ta yi masa bayani.

"Ke kika san aikinki," ya ce. "Amma in kin bar shi yadda yake, kina ganinsa?"

"Wata rana ina gani, wata rana ba na gani. Nan gaba kaɗan ma ba zan gani ba sam. Kuma in sabar ta sake tsayawa ban samu shiga ba, shi ke nan."

Mannir ya ce, "Da Baba za a tambaya, kin san abin da zai ce."

Ta sani. Abin da ya fi ƙona mata rai ke nan.

Washegari ta jira hantsi. Hoton ya zo a kakkarye, ya tafi, ya dawo. Ga shi nan tsaye a wurinsa sharre, ganyen dawa na kaɗawa a gefen hoton. Ya rame. Rigar ta yi masa yawa a kafaɗa. Ya ɗaga hannu, ta kunna ƙwai, ya gyaɗa kai. Maimakon ya tafi sai ya jawo wani karan dawa ya lanƙwaso shi gaban kyamara, yana nuna mata yadda cikin ya cika, yana murmushi irin na wanda ya ci gardama. A nan hoton ya sandare. Ta zauna tana kallonsa har fuskar kwamfutar ta yi baƙi.

Sannan ta ɗaura igiya, ta shiga saiti, ta cire 4G, ta zaɓi 2G shi kaɗai, ta hana modem neman wani layi da kansa. Ta yi bisimilla ta danna. Komai ya ɗauke. Ta ƙura wa allon ido. Can sai rubutu ya fara fitowa, harafi bayan harafi, a hankali amma ba yankewa. Sabar ta amsa, fankoki na juyawa. A ƙasa tambaya na jiranta: kin amince?

Ba sai ta yi komai ba. In ta naɗe hannu kawai, igiya za ta ja, a koma gidan jiya, wataƙila gobe ta sake ganin rabin fuskarsa. Wallahi ta so ta naɗe hannun. Ta tuna tulun da aka rubuta wa sunan mahaifiyarta, waken Kulu, wanda ba a samun irinsa ko a kasuwar Dandume. Ta rubuta eh, ta kifa kai a kan tebur, ta yi kuka mai isarta.

Daga ranar, kullum da hantsi sai ta aika umarni ƙwai ya kama, ta bar shi ɗan lokaci, ta kashe. Ba ta ganin kowa. Tana dai ƙiyasta shi tsaye, ya gyara hula. Mannir ya daina jin "Baba ya fito," ya koma jin "Na kunna masa." Sau biyu zuciya ta ci ta, ta ɗaura igiya ta leƙa 4G, ba ta samu ko ɗigo ba. A na biyun ma modem ɗin ya daɗe bai farfaɗo ba, har ta fara salati. Ta yi wa kanta alkawarin ba za ta ƙara ba sai kaka.

Ai tana da abin dubawa. Ɗan layin nan na ƙarfin sabis ya zame mata ma'aunin dawar babanta. Ranar da ya kwantar da ita, layin zai yi tsalle lokaci guda. Ko ba hoto za ta san yana raye, yana da ƙarfin riƙe magirbi.

Ruwa ya ɗauke. Aka cire masara, aka roro wake. Iri ya tsira, laima ta sauka, ƙungiya har da yi mata godiya a taro. Dawa ta nuna. A hanyar Bakori ta ga an fara kwantar da ita, a hanyar Malumfashi ta ga dammuna jingine, motoci na shigowa Funtua da sabuwar kaura. Kullum da safe kafin ta ajiye jaka sai ta buɗe shafin modem. Layin yana inda yake.

Ta ce ai shi kaɗai ne, zai fara da babbar gona. Ta ce ai kaura ba ta gaggawa. Ta ce wataƙila yana jira ta ƙara bushewa. Kowace safiya da uzurin da take kawo masa, ita da ta fi kowa sanin bai taɓa bari maƙwabci ya riga shi yanka ba.

Layin ya fara motsi daga baya, amma ba tsalle ba. Ɗan ƙari yau, ɗan ƙari jibi. Ta gane ko mene ne, ta ƙi faɗa wa kanta. Ganye ne ke bushewa a tsaye, busasshen ganye kuwa ba ya tare sabis kamar ɗanye. Da sanyi ya shigo sosai, gonakin Funtua duk sun zama fili, shanu na kiwo a cikin kara, ta ga layin ya kai inda 4G zai iya kamawa.

Ta jira hantsi. Ta ɗaura igiya, ta canza, ta danna. Kyamara ta yi juyi, ta yi juyi, sai hoto ya buɗe tas, irin wanda ta manta ana samu.

Dawar tana tsaye. Ta bushe ƙamas, kawunan sun sunkuya, wasu karan sun karye sun faɗo kan juna. Tsuntsaye sun cika ta, suna tashi suna sauka, ba mai korarsu. Ta sauke ido ƙasa, wurin da yake tsayawa. Tafasa ce ta cike shi. Ta fito, ta girma har gwiwa, ta yi 'ya'ya, ta bushe. Sa'adiya 'yar manomi ce, ta san tsawon lokacin da tafasa ke ɗauka kafin ta yi haka. Tun ruwa bai ɗauke ba ke nan.

Hannunta da kansa ya aika umarnin da ya saba. Ƙwai ya kama a saman ƙofa, da rana tsaka, 'yan tsuntsayen da ke kusa suka firgita suka tashi, suka dawo. Allah sarki. Ashe duk safiyoyin nan su take kunna wa.

A ƙasan allon tambayar na jira: kin amince? Ta zauna tana kallon dawar babanta, hawaye na zuba, ba ta share ba. Ba ta rubuta komai ba. Mintocin suka cika, igiya ta ja, hoto ya ɗauke, rubutu ya dawo harafi bayan harafi yana gaya mata fankoki na juyawa, iri lafiya lau.

Ta ɗauki waya ta kira Malumfashi. Mannir ya ɗauka da sauri, ana jin hayaniyar kasuwa a bayansa.

"Sa'adiya, ya aka yi? Hoton ya dawo? Kin gan shi?"



"Yaya," ta ce, "Baba bai girbe dawarsa ba."

Bai tambaye ta komai ba. Ta ji ya ja numfashi, ta ji ya fara Innalillahi, muryarsa ta karye kafin ya kai ƙarshe.